FILIN TAMBAYA DA AMSA: "Sun ce fim ɗin shirme ne, ni kuma sau huɗu na kalle shi"

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin wannan watan kamar kun haɗa baki, kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato mutum ya kalli fim ya ji daɗi ransa fes, sai ya leƙa intanet ya tarar masu sharhi sun yi kaca-kaca da fim ɗin, shike nan sai ya fara zargin kansa. Na zaɓo guda biyar, na ɗan rage tsawon wasu saboda fili.

TAMBAYA TA FARKO, daga wani ɗalibi a Zariya:

"Malam barka da aiki. Ni dai Allah ya ɗora min son fim ɗin faɗa, na Chana ne ko na Indiya ko na Amurka indai za a daku to ina wajen. Akwai abokina da muke ɗaki ɗaya, duk fim ɗin da na ɗauko sai ya buɗe waya ya nuna min makin da aka ba shi a Rotten Tomatoes, ya ce kai fa ba ka san fim ba, kallon yara kake. Rannan na kalli Venom har sau huɗu ya ce min kashi 30 kawai aka ba shi. Wallahi abun ya fara sa ni jin kunya har na koma kallo da abin kunne in ya yi barci. Shin da gaske ban san fim ba ne?"

Ɗan uwa ka san fim mana, wanda ya zauna ya kalli abu sau huɗu ai ya ga wani abu a ciki da ya riƙe shi. Bari mu fara da makin nan da abokinka yake tsorata ka da shi, domin mutane da yawa ba su san yadda ake lissafa shi ba. Kashi 30 ɗin nan ba irin makin jarabawa ba ne da malami zai duba takarda ya ba ka 30 bisa 100. Abin da shafin yake yi shi ne ya tattaro rubutun masu sharhi, ya raba su gida biyu, waɗanda suka ce ya yi da waɗanda suka ce bai yi ba, sai ya fitar da kason waɗanda suka ce ya yi. Kenan a cikin kowane masu sharhi goma, uku sun ce Venom ya yi musu, kuma su ukun nan ma sana'arsu ce sharhin, ba wanda ya ce su ba su san fim ba. In kason ya kai 60 sai a manna wa fim jan tumatir, in bai kai ba a manna masa koren da ya fashe. To ka lura da wani abu, fim ɗin da kowa ya ce "ba laifi dai" zai iya samun kashi 90 alhali ba wanda ya mutu a kansa, shi kuwa wanda ya raba kan jama'a, wasu suka so shi kamar ransu wasu suka tsane shi, sai ka gan shi a 50. Shi Venom ɗin da ya fito a 2018 sama da dala miliyan 850 ya tara a duniya, mutane ne suka ciro kuɗinsu daga aljihu suka sayi tikiti, wasu ma suka koma.

Kuma ka tuna wa abokin naka tarihin Sholay, tunda da wuya a samu gidan Bahaushe mai kallon Indiya da ba a san Gabbar Singh ba. Da ya fito ranar 15 ga Agusta 1975 masu sharhi da yawa kushe shi suka yi, satin farko kasuwarsa ta yi sanyi har aka fara cewa ya faɗi. Su 'yan kallo ne suka riƙa fita suna gaya wa 'yan uwansu, a hankali layi ya fara tsawo, ƙarshe sai da ya shekara biyar ana haska shi a sinimar Minerva ta Bombay. A bikin Filmfare na ba da kyaututtukan fina-finan Indiya na lokacinsa kyauta ɗaya tak ya samu, ta tace hoto. Shekara talatin bayan nan, a 2005, su Filmfare ɗin da kansu suka ce shi ne fim mafi kyau na shekara 50. Ba fim ɗin ne ya canza ba, masu alƙalancin ne suka biyo sahun 'yan kallo.

Abin da yake ba ni takaici da masu raina fim ɗin faɗa shi ne suna ganin kamar ba aikin ƙwaƙwalwa a ciki, alhali tsara faɗa na minti uku kan ci kwanaki ana ɗauka, kowane naushi an ƙirga shi, inda kyamara za ta tsaya an auna, wanda zai faɗi ya san a kan me zai faɗi da yadda zai juya kada ya karye. Ka je ka sake kallon ƙarshen Police Story na 1985, wajen da Jackie Chan ya yi tsalle ya kama wani dogon ƙarfe a cikin katafaren kanti ya sulalo ƙasa ƙwayayen lantarki suna fashewa a jikinsa, da gaske ya yi shi ba dabarar kwamfuta ba, kuma tafukan hannunsa sun ƙone. Wajen ɗaukar Armour of God kuwa faɗowa ya yi daga bishiya ƙoƙon kansa ya fashe sai da aka yi masa tiyata. Mutumin nan sai a 2016 masu Oscar suka ba shi kyautar girmamawa. Su kuwa masu tsara irin waɗannan wasannin kasada, tun da aka fara bikin Oscar a 1929 ba su da rukunin kansu, sai a Afrilun 2025 aka sanar za a buɗe musu, kuma sai a biki na 100 a 2028 za a fara bayarwa. Kusan shekara ɗari kenan ana cin gumin mutane ba a ko kallonsu, mu kuwa da muke kan benci a gidan kallo tun muna yara mun san darajarsu.

Ina tuna wani gidan kallo a unguwarmu, rumfar kwano ce da labulen buhu a ƙofa, talabijin ɗaya a kan tebur an ɗora kan bidiyo a gefe, janareta na ƙugi a baya. Ba mai jin Turanci ko Chananci a cikinmu sosai, amma da an zo faɗan ƙarshe tsakanin jarumi da bos za ka ji wajen ya yi tsit, mai gyaɗa ma ya daina miƙa canji, sai jarumi ya tashi daga faɗuwar da kowa ya ɗauka ya mutu, ya share jinin bakinsa da bayan hannu, wallahi ihun da ake yi a lokacin har maƙwabta sai sun leƙo. Wannan ihun shi masu fim ɗin suka yi wa aiki, kuma sun samu. Ka cire abin kunnen nan ka yi kallonka da rana tsaka, in abokinka yana so ya jawo kujera.

TAMBAYA TA BIYU, daga wata matar aure a Kaduna:

"Malam ni matsalata fina-finan ban tsoro. Ina matuƙar sonsu, maigidana kuma cewa yake wane irin hankali ne mutum ya sa data ya sauke abin da zai hana shi barci, ya ce ko Turawan da suke yinsu masanansu ba sa ɗaukarsu a bakin komai. Gaskiya ne? Kuma laifi ne in ina jin daɗin tsoro?"

Ƙanwata ki gaishe min da maigidan, ki ce masa rabin maganarsa gaskiya ce. An daɗe ana yi wa fim ɗin ban tsoro kallon ƙasƙanci a can ma, amma tarihi ya sha kunyata masu yin hakan. The Shining da Stanley Kubrick ya yi a 1980, da ya fito ra'ayin masu sharhi rabuwa ya yi, har aka sa sunan Kubrick cikin jerin 'yan takarar darakta mafi muni a bikin Razzie, wanda ake yi don fina-finan da ake ganin sun fi lalacewa. A 2018 kuma sai ga shi ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa fim ɗin cikin waɗanda za a adana wa tarihi. The Thing na John Carpenter ma abin da ya same shi ya fi haka ciwo, ya fito ranar 25 ga Yuni 1982, sati biyu bayan E.T. wanda shi labarin baƙon halitta ne mai daɗin zama da yara ke so, jama'a duk hankalinsu na can, sai ga wannan ya zo da wata halitta a ƙanƙarar Antatika da take shiga jikin mutum ta koma kamanninsa sak ba ka san wa za ka yarda da shi ba. Masu sharhi suka ce ƙazanta ce kawai, kasuwa ma ba ta yi ba. Kaset ɗin bidiyo da talabijin su suka ceto shi, mutane suka riƙa kalla a gida, yau in ana lissafin manyan fina-finan ban tsoro da wuya a tsallake shi.

Batun jin daɗin tsoro kuwa ai mu Hausawa ba baƙonmu ba ne. Wa ya manta daren tatsuniya, an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kaka ta ce ga ta nan ga ta nanku, ta ɗauko labarin Dodo, tana zuwa wajen da yarinya ta ji takun tafiya a bayanta sai ta rage murya, mu kuma mu matso mu cusa ƙafafu cikin zaninta, ƙaramin cikinmu ya toshe kunne da yatsa amma ya bar ɗan waje don kar ya rasa abin da zai faru. Gobe da daddare mu ne dai za mu ce a sake mana ta Dodon. Abin da yake faruwa a jiki shi ne zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya canza, jiki ya shirya gudu kamar da gaske, amma can cikin kai kin san kina kan kujerarki ƙofa a kulle, to da an wuce wajen sai ki ji wani sakayau har dariya ta kuɓuce miki. Masu yin fim ɗin sun san wannan sarai, shi ya sa yawancin aikin a sauti yake, ki gwada rage murya gaba ɗaya a wajen da ya fi ba ki tsoro ki gani, rabin tsoron zai tafi. Kuma ba ya buƙatar kuɗi masu yawa, Paranormal Activity da kusan dala 15,000 aka ɗauke shi a cikin gida ɗaya, kyamara a kafe tana kallon gadon wani saurayi da budurwarsa da ƙofar ɗaki, ƙofa ta ɗan motsa kawai amma sinima ta ruɗe, ya tara sama da dala miliyan 190.

Sai dai zan gaya miki inda nake tare da maigidanki. In kallon ya kai ga ba kya iya fita alwalar asuba ke kaɗai, ko kina kwana da fitila a kunne kina firgita cikin barci, to jikinki ne yake ce miki ya isa haka, ki saurare shi, wannan ya fi duk wani mai sharhi sanin ki. Ki mayar da kallon rana, ki daina na tsakar dare, kuma kar ki bar addu'o'in kwanciya. Akwai kuma waɗanda ba tsoron ne a cikinsu ba illa yanka da tsiraici, ni kaina ba na kallonsu kuma ba na ba kowa shawara.

TAMBAYA TA UKU, daga wani tela a Maraɗi:

"Malam muna sa fina-finan marigayi Ibro a shago muna ɗinki muna dariya, sai wani ɗan boko da yake kawo ɗinki ya ce camama ce ba fim ba, ba labari ba darasi. Mene ne ra'ayinka?"

Allah ya jiƙan Rabilu Musa, tun Disambar 2014 ya rasu amma ga shi har yau ana dariyarsa a shagon tela a Maraɗi, wannan kaɗai ya isa amsa. Eh an kira irin fina-finansa camama, kuma gaskiya ne da yawa a gurguje aka ɗauke su da ƙaramin kuɗi, wani lokacin sauti ba kyau, labarin ma in ka bi shi da ma'auni sai ka ga ya karkace. Amma ɗan bokon naku ya gwada tsayawa gaban mutum goma ya sa su dariya na minti biyar, a nan zai gane wuyar abun. Ibro kafin ya buɗe baki ma, yadda zai shigo, hular nan, yadda zai zaro ido ya kalli mutum ya yi shiru na ɗan lokaci sannan ya saki magana, wannan shirun shi ne gwanintar, in ya yi sauri da daƙiƙa ɗaya ko ya makara dariyar ta mutu. Ba a koyar da shi a allo.

Batun darasi kuwa ni ban yarda ba shi da shi ba. Sau nawa ya fito a matsayin mai kwaɗayi ko maƙaryaci ko mai cika baki, muka yi ta dariya saboda kowa a cikinmu ya san wani mai irin halin a unguwarsu, wani ma kansa ya gani. Kuma ko da a ce babu darasin, mutumin da ya wuni a kan keken ɗinki bayansa na ciwo, ga mai kaya ya tsaya a kansa yana cewa gobe biki, in ya samu abin da ya sa shi ƙyaƙyatawa har ya ɗaga ƙafa daga feda ya share hawaye, an yi masa alheri babba.

Su masu sharhi matsalarsu da barkwanci daɗaɗɗiya ce kuma ina ganin na san dalili. Mai sharhi yakan kalli fim da biro a hannu yana rubutu, a shekara ya kalli ɗaruruwa, duk wata dabarar ban dariya ya riga ya ganta sau hamsin, ita kuwa dariya 'yar taro ce, in na kusa da kai ya fashe kai ma sai ka fashe. A Indiya Andaz Apna Apna na 1994, duk da Aamir Khan da Salman Khan suna ciki, bai yi kasuwar a zo a gani ba da ya fito, daga baya da aka riƙa maimaita shi a talabijin iyalai suna kallo tare sai ya zama abin da matasa ke haddace maganganunsa. Mr Bean fitowa 15 ce kacal aka yi ta asalin shirin, kusan ba ya magana, amma daga Ingila har ƙauyukanmu an san shi.

TAMBAYA TA HUƊU, daga wata malamar makaranta a Kano:

"To Malam kana nufin masu sharhi ba su da amfani kenan?"

A'a Malama, ai ni ma abin da nake yi a wannan filin ɗan uwan sharhin ne. Suna da amfani sosai, su ne suke tono maka ƙaramin fim daga wata ƙasa da ba za ka taɓa jin labarinsa ba, su nuna maka abin da idonka ya tsallake. Kuma ba kullum suke faɗa da 'yan kallo ba, Get Out na 2017 fim ɗin ban tsoro ne amma sun yaba shi matuƙa har Jordan Peele ya ci Oscar ta rubutun labari, Mad Max: Fury Road na 2015 kuwa tseren motoci ne da faɗa daga farko har ƙarshe ya kwashi Oscar shida. Amma mutane ne, suna da abin da suke so da wanda ba sa so. Roger Ebert na jaridar Chicago Sun-Times, wanda shi ne mai sharhin fim na farko da ya ci kyautar Pulitzer ta aikin jarida a 1975, tauraro biyu cikin huɗu ya ba Die Hard a 1988, fim ɗin da daga baya aka yi ta kwaikwayonsa shekara da shekaru. Hakan bai rage masa daraja a idona ba, ra'ayinsa ya faɗa da hujjarsa. Abin da ni nake yi shi ne in fara kallon fim tukuna, in kwana da shi, washegari in je in karanta abin da suka ce, wani lokacin in ce kai wannan ya gano abin da ban gani ba, wani lokacin in ce a'a malam a nan ba mu tare. In kika fara karantawa kafin kallo to da idon wani kika shiga, duk inda ya ce akwai aibi nan za ki tsaya jira.

TAMBAYA TA BIYAR, daga wani uba a Jos:

"Yarana uku, babban shekararsa 11, sun gaji son fim ɗin faɗa da na ban tsoro a wajena. In bar su?"

Alhaji a nan kam maganar ta canza, duk abin da na faɗa a sama na manya ne masu zaɓar wa kansu. A nan ne ma karanta bayanin fim kafin kallo yake da amfani, ba don maki ba, don ka san abin da ke ciki. Fina-finan Amurka suna zuwa da alama, PG-13 na nufin akwai abin da bai dace da ɗan ƙasa da shekara 13 ba sai iyaye sun duba, R kuma ɗan ƙasa da 17 ba ya shiga sinima sai da babba. Kar ka dogara da alamar kaɗai tunda ma'auninsu daban da namu, wani abun da su ba sa ɗaukarsa komai mu ba ma son yaro ya gani. Kuma in ka ba da waya ko mimori a tura maka fina-finai a shago, ka zauna ka bi su ɗaya bayan ɗaya kafin su isa hannun yaran, sau da yawa akan cika maka da abin da ba ka ce a sa ba. Na ban tsoro ka jinkirta musu, ƙaramin musamman, yaro ba ya raba abin da ke cikin talabijin da abin da ke bayan ƙofar banɗaki. Na barkwanci da irin faɗan Jackie Chan mai haɗe da ban dariya wanda ka riga ka tace, ku zauna ku kalla tare ranar Asabar bayan an dawo daga Islamiyya, rimot a hannunka.

Mai son aiko da tambaya ƙofa a buɗe take, wata mai zuwa in Allah ya kai mu za mu taɓa saƙonnin da suka taru a kan fassarar fina-finan Indiya zuwa Hausa.